Ranar da Na Wanke Kwalaben Malam

Shekarun baya, a azumin farko bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na yi wani wanki wanda har yau ba a daina yi min tsiya a kansa ba. Kada ku tambaye ni lambar shekara, ni ban yi boko ba, 'yata ce ke danna wayar nan ina faɗa mata. Amma lissafina ba ya ɓata. Mun taso daga Kiyawa muka dawo Dutse damina biyu bayan an ba mu jiha, lokacin rabin unguwarmu Takur gonaki ne. Idon maigidana ya fara dishi-dishi a shekarar sanƙarau. Soja suka miƙa mulki, aka yi damina biyu, sai wannan azumin da nake faɗa muku. Sanyi ake yi a lokacin, irin wanda in ka yi magana da safe kana ganin numfashinka.

Maigidana mai gyaran rediyo ne, amma ba irin 'yan ƙananan nan da ake ratayawa a kafaɗa ba. Shi manya ya sani, masu akwatin katako, waɗanda in ka kunna sai ka jira su ɗau zafi kamar tukunya kafin su yi magana. A cikinsu akwai wasu kwalabe a tsaitsaye. Masu gyara bawul suke ce musu, ni kwalba nake cewa, kuma har na mutu kwalba zan ce. Kowace tana da baƙin gindi mai ƙafafun ƙarfe a zagaye, gurbi takwas, a tsakiya kuma wani ɗan turke mai hanci a gefe ɗaya. In za ka zaunar da ita, sai ka ɗora turken a ramin mazauninta, ka riƙa juyawa a hankali har hancin ya sami hanyarsa, ka ji ƙwas, ta zauna. Ba ta shiga a karkace ko da za ka kwana kana dannawa.

Malam yana son gindin nan kamar shi ya ƙera shi. In ya fara labarinsa tuwo sai ya huce. Ya ce ubangidansa da ya koya masa aiki a Kano tsohon sojan yaƙin Bama ne, shi ya gaya masa cewa kwalaben farko ƙafa huɗu gare su, biyu masu kauri biyu sirara, sai mai ƙarfin hannu ya danna ta a baibai ya ƙone kayan mutane. Daga baya Turawa suka zauna suka fito da mai turke da hanci, har soja a cikin rami, ba fitila, yana iya canza ta. Da ita aka yi rediyon soja, da na sarakuna, da injin sautin silima, da lasifikar masallatai. Bayanta aka kawo wasu 'yan mitsi-mitsi marasa baƙin gindi, ƙafafunsu kamar allura, da giɓi a gefe guda. Waɗannan Malam ba ya ganinsu da gashi, 'yan wawulo yake ce musu. Ko kwalba ta mutu ba ya yar da gindinta, sai ya fasa gilashin ya mai da shi abin jona waya. Ranar da aka buɗe akwatin injin rijiyar burtsatse ta unguwarmu ya ji an ce akwai wani abu mai irin wannan gindi a ciki, alhali ba kwalba ba ne, wuni ya yi yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ya ce, "Kin ji ko? Kwalba ta tsufa, gindinta bai tsufa ba."

Da idonsa ya fara tafiya, ni kaɗai ya gaya wa. Ya zaunar da ni ya ce, "Ranar da garin nan ya san ba na gani, ranar aka daina kawo min aiki, aka fara kawo min sadaka. 'Yan uwana su zo su mai da ni ƙauye, su shimfiɗa min buzu a gindin bishiya. Ki rufa min asiri, in mutu a mai gyara."

Na ce, "Malam, an gama."

Muka shirya abinmu. Ya sayi baƙin tabarau, ya ce hayaƙin dalma ne ke damun idonsa. Ya daina hawa kekensa, ya koma tura shi, don tayar gaba ta riga shi gano kwata. Mutane suna yi masa dariya, wai mai gyara ga kekensa kullum a lalace. Ƙananan rediyon zamani ya daina karɓa, ya ce shi ba ya aikin yara. Manya kuwa in an kawo, sai ya ce wa mai su ya dawo jibi, shi ba ya gyara ana tsaye a kansa. In mutum ya tafi, ya saki asabarin zaure, ya kira ni.

Hannunsa ya san komai, abu ɗaya ne ya gagare shi. A jikin gilashin kowace kwalba akwai rubutu, lambarta, wadda ke faɗin aikinta. Shi ya iya karatu ba ya gani, ni ina gani ban iya karatu ba. To sai ya miƙo min tafin hannunsa, in dubi rubutun in zana masa da ɗan yatsa, yadda na gan shi. Wani kamar ludayi, wani kamar lauje, wani kamar gwafa. Kafin in ƙarasa ya ce, "Na gane, ba ita ba ce, ɗauko wata." Shekara huɗu muna haka. Har ƙarfen narka dalma na iya riƙewa, kuma ban taɓa ɗiga ta inda bai ce ba. Ba yabon kai ba, da an sa ni a boko da yanzu wani labarin ake yi.

To a cikin azumin nan sai ga Liman da wani tsohon makaɗi sun turo wani ƙaton injin lasifika a baro. Makaɗin nan abokin Malam ne tun suna samari. Da injin yake zuwa biki, daga Kafin Hausa har Haɗeja ba inda bai kai shi ba. Da shari'a ta zo, kiɗa ya kwanta, sai ya ba masallacin unguwa shi kyauta. Ina daga bayan ƙofa ina jinsa yana cewa, "Allah gafarta Malam, shekara talatin tana kiran mata rawa. A bar ta ta kira maza salla, ko ni da ita ma sami rangwame."

Liman ya ce, "Mun kai wa masu gyara uku, kowa ya leƙa sai ya ce bai san kanta ba. Ga jama'a ta ƙaru, bara na baya ba su ji huɗuba ba. Muna so ta yi magana a filin Idi."

Malam ya shafa ta ya ce, "Za ta yi, in Allah ya so."

Da suka tafi ya ce min, "Kowa ya ji sirrinmu ban da wancan. Bakinsa ya fi injinsa ƙara."

Ranar Juma'a, saura kwana biyar Salla, Malam ya zare kwalaben injin guda biyar ya jera su a faranti, kowace daidai da inda ya ciro ta. Ya jawo akwatinsa na ajiya, mai kwalabe wajen arba'in, ya ajiye a gefe, ya ce in ya dawo daga masallaci za mu zaɓi waɗanda za su maye gurbin matattun. Ya tura kekensa ya fita.

Ni kuwa ranar nake wankin Salla. Duk Takur an san ni da tsafta, tasoshina in na jera su mace tana iya sa kwalli a jikinsu. Na gama da kwanuka, na gama da tangaran, na shiga zaure da tsintsiya, sai idona ya faɗa kan kwalaben nan. Ƙura, yanar gizo, kashin tsaka, har da maiƙon bikin shekara talatin. Na ce a raina, gobe Liman ya dawo ya ga wannan, ai cewa za a yi matar gidan ƙazama ce. Gaskiya Malam ya sha ce min kada in taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Amma bai taɓa gaya min dalili ba, wannan laifinsa ne, kuma na faɗa masa daga baya. Ni a tunanina rubutun nan kamar furen jikin tasa yake, wanda shekara ashirin ina dirza shi bai goge ba.

Na haɗa ruwan ɗumi da sabulu a babban baho. Na kwashe na faranti, na kwashe na akwati, na zuba su gaba ɗaya suna ta iyo kamar 'yan agwagi. Na ce bari su jiƙa, na tafi na surfa geron kunu.

Da na dawo na ɗauki ta farko na goga mata soso sau ɗaya, ta fito tas. Na juya ta ban ga rubutu ba, na ce wataƙila dama ba ta da shi. Ta biyu haka. Sai a ta biyar na farga. Na tsoma hannu na tsamo wata ban ko goga ba, na ga rubutun yana zamewa yana bin ruwa kamar tawada a allo. Na yi salati. Amma da yake aikin gama ya gama, kuma ni ba na barin wanki a rabi, sai na ɗauraye su, na goge, na shanya a tabarma. Wallahi sun yi kyau. Ban taɓa ganin ɓarna mai ƙyalli irin wannan ba.

Malam ya dawo, ya jingine keke, ya ja hanci.

"'Yar Kiyawa, yau kuma me aka wanke? Har zaure ƙamshin sabulu."

Na ce, "Komai da komai."

Ya lalubi faranti ya ji wayam. Ya lalubi akwati. Ya tsaya cak. Na kama hannun rigarsa na kai shi gaban tabarma, ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya, ya murza babban yatsansa a jikin gilashin har ya yi ƙara. Sai ya miƙo min tafin hannunsa kamar kullum.

"Rubuta min."

Na riƙe hannun nan, yatsana a kai, ba abin da zan zana.

Can ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka, Malam."

Ya yi innalillahi sau uku, ya zauna a ƙasa da rigarsa ta Juma'a. Ya ce, "Kin san abin da kika yi? Gindinsu iri ɗaya ne. Kowace a cikin nan za ta shiga kowane rami ta zauna daram, ba gardama. Amma wata in ta zauna a gurbin wata, cikin ƙiftawar ido za ta ƙone taransifoma, kuma irinta ko a Kano sai an tona. Mai ido da ya san aikinsa zai ɗaga su a rana ya dubi cikinsu ya rarrabe. In na je na ce wa Liman na kasa saboda rubutu ya goge, tambayar farko da zai yi min ita ce, to kai ba ka gani ne?"

Na ce, "Ai da ka gaya min ruwa yana goge shi."

"Da na gaya miki wuta tana ƙuna?"

"Wuta kowa ya sani. Wannan ilimi ne, ka ɓoye."

Ya girgiza kai ya ce, "Garin gyaran gira. To idon ma dama babu." Ya ce a bar su kwana biyu a rana, ruwan da ya shiga gindinsu ya fita. A kwana biyun nan na yi masa ƙosai, na yi kunun tsamiya, na yi alalar da yake so. Ya ci, amma ban da amsa sallama ba abin da ya haɗa mu.

Ranar Litinin da hantsi ya ce in kwaso su zaure, inda injin yake. Muka saki asabari, muka bar ɗan gefe don haske. Ya ce, "Rubutun gilashi ya tafi, saura na gindi. Shi ba ya wankuwa."

Ashe gurbi takwas ne, amma ba kowace ke da ƙafa takwas ba. Sai ya ɗora yatsa a kan hancin turke, daga nan ya fara zagayawa yana ƙirga. "Giɓi, ƙafa, giɓi, ƙafa. Wannan uwar tuwo ce, ita ke ciyar da sauran wuta. Ajiye ta dama." Ya ɗauki wata. "Wannan ta shida ce babu. Bijimi ne. Su biyu ake so, kuma sai sun zama kai ɗaya kamar shanun huɗa, in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi kunya ta karkace." Bijimai suka taru goma sha ɗaya. Ya rarrabe su da tsawo da nauyi a hannu, ni kuma ina ɗaga su a haske ina gaya masa abin da ke ciki. A nan ya gane shekara huɗun nan ba rubutu kaɗai nake kallo ba. Na ce, "Wannan da waccan 'yan ɗaki ɗaya ne, cikinsu baƙi, da ramuka uku-uku. Wannan kuwa kanta ya yi fari kamar an shafa alli, ita ce ta injin da ka ce ta mutu."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Malam, macen da ta san murfin kowace tasa a cikin sittin?"

Ya yi murmushi, na farko tun Juma'a.

Sai muka iso kan ƙanana, waɗanda yake kira 'yan kunne, su ke fara jin murya su miƙa wa bijimai. Biyu ake so. Ga goma sha huɗu a gabanmu, kowace ƙafa takwas cif, tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Ya juya wannan, ya juya waccan, ya ajiye. Ya ce, "Nan hannuna ya ƙare. Iri uku ne a cikin nan, ko huɗu." Na duba cikinsu na ga bambanci, amma wacce ce wacce, ban isa in rantse ba. Ya ce, "Ba na caca da kayan masallaci. Ɗauko min hulata, gara in je in faɗa da bakina."

Ban tashi ba. Haushi ya sa na ɗauki ɗaya, sai na ga shatin yatsansa ya ɓata min gilashin da na sha wahalar gogewa. Kun san hali zanen dutse. Na kai ta baki na huce ta, hah, yadda nake yi wa madubi, na kamo bakin zanena zan goge. Kafin zanen ya taɓa ta, sai na ga abu. A cikin raɓar numfashina, ga rubutun nan ya fito, siriri, kamar sawun tsuntsu a rairayi. Kafin in ƙifta ya ɓace.

Na ce, "Malam! Hannunka! Kawo hannunka!"

Na sake hucewa, na zana masa da sauri. Ludayi, maciji, sauran. Ya damƙe yatsana ya ce, "A ina kika gani?"

"A numfashina."

"Sake."

Na sake. Ya ce, "Allahu akbar. Ita ce. Nemo 'yar uwarta."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina huci, ga azumi, ga sanyi, har kaina ya fara juyawa. Na ce, "Malam, huci dai ba ya karya azumi ko?"

Ya ce, "In yana karyawa ni zan rama miki. Huce."

Ina kan ta tara, kwalba a bakina, tafin hannunsa a cinyata, yatsana a kai, sai haske ya cika zauren. Makaɗi ne. Irinsu sallama da ɗaga asabari tare suke yi. Ya tsaya da asabari a hannu yana kallonmu. Na ja mayafi na rufe fuska, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya dubi hannun, ya dubi tabarau. Sai na ga ya matso a hankali yana kaɗa hannu a gaban fuskar Malam.

Malam ya ce, "Sauke hannunka, ina jin iskarsa."

Makaɗi ya zauna daɓas a kan buhu. "Tun yaushe?"

"Tun sanƙarau."

"Rediyona da ka gyara bara fa?"

"Da hannu. Da idonta."

"Keken kuma?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Makaɗi ya riƙe baki. Malam ya ce, "Don zaman da muka yi, ka rufa min asiri. Ka san abin da mutane ke yi wa makaho."

Ya ce, "Kai dai ka ba kura ajiyar nama. Ku ci gaba in gani. Uwargida, a yi haƙuri, a ci gaba da hucin."

Bai ce zai rufa ba, bai ce ba zai rufa ba. Muka ci gaba a gabansa. A ta goma sha ɗaya muka sami 'yar uwar. A jikin ƙarfen injin, gefen kowane rami, akwai lamba da aka buga da guduma, wannan na zana masa ita ma. Ya ɗauki kwalabe biyar, kowace ya ɗora turkenta, ya juya, ƙwas. Sau biyar, bai yi laluben banza ko sau ɗaya ba. Ya yi bisimilla ya kunna.

"Me kike gani?"

"Sun fara ja, kamar garwashi a toka."

"Hayaƙi?"

"Babu."

Ya sunkuya ya sansana, ya kasa kunne. Injin ya fara wani gurnani ƙasa-ƙasa. Makaɗi ya ɗauki abin magana ya yi gyaran murya kawai, sai da akuyoyin maƙwabta suka tsinke igiya. Ya tura abinsa a baro ya tafi, bai ƙara cewa uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi komai tayar mana da hankali.

Ranar Salla ina tsakar gida ina tuƙa tuwo, Malam ya tafi Idi. Sai na ji lasifika ta buɗe, tas kamar a kunnena. Makaɗi aka sa ya gwada ta ya daidaita sahu.

"Jama'a kuna ji na? Na can baya wajen dutse, in kuna ji ku ɗaga hannu. Madalla. To wannan muryar da kuke ji, wanda ya tashe ta bai gan ta ba. Malam mai rediyo shekara huɗu ba ya gani! Da yatsa yake muku gyara, shi da na cikin gida. Mutum uku masu ido sun kasa, shi ya tayar. Duk wanda ya kai masa rediyo a shekara huɗun nan ta dawo ba ta magana, ya miƙe tsaye mu gan shi!"

Muciya ta faɗi daga hannuna. Na ji shiru, na ji guna-gunin jama'a, sai muryar Liman yana cewa a ba shi abin nan, nan filin Idi ne ba gidan biki ba. An ce min ba wanda ya miƙe.

Malam ya dawo ba keke, Liman ne riƙe da hannunsa har ƙofar gida. Ya shigo ya zauna, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Da injin da na gyara ya tona ni." Ranar ko tuwon Salla bai taɓa ba. Ni kuma, in faɗa muku gaskiya, abin da ya fi ci min rai shi ne "na cikin gida." Kwalba goma sha ɗaya na huce da azumi a bakina, a ce na cikin gida, kamar wata kyanwa.

Kwana uku yana jiran kwanon sadaka na farko. Abin da ya zo rediyo ne. Wani dattijo daga Kafin Hausa ya ɗauko nasa a kan babur, ya ce zai zauna ya ga yadda ake yi. Kafin mako ya zagayo zaure ya cika, wasu ma rediyonsu lafiya lau, kallo ya kawo su. Malam ya ce a rataya labule a kusurwa, ina zaune a bayansa, in ana son lamba ya zuro hannu. 'Yan uwansa sun zo daga ƙauye da niyyar tafiya da shi, suka rasa wurin zama, suka ci tuwo suka koma.

A cikin makon ne maƙwabcinmu, wani Kirista ɗan Filato mai aikin asibiti, ya shigo da 'yar tocila. Ya ce, "Baba, a ba ni izini in duba." Ya ɗaga fatar idon ya haska, sai ya dafe kai. "Baba, wannan ai yana ce! Cirewa ake yi a Kano. Shekara huɗu katanga ɗaya ce tsakaninmu, kullum ina gaishe ka, kana ce min hayaƙin dalma!"

Shi ya raka mu bayan babbar Salla. Idon dama ya buɗe. Na hagu likita ya ce an makara, da an zo da wuri da wataƙila. Wannan shi ne abin da rufin asirinmu ya ci, kuma ni ma ina da kaso a ciki, tunda ni na ce an gama.

Da muka dawo gida aka cire masa auduga, ya ce a kawo akwatin. Ya ɗaga kwalba ɗaya a rana, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai, amma kin iya wanki." Washegari aka kawo aiki. Na ce to, yanzu na huta, na koma kan tasoshina. Ina tsakar gida sai na ji ya kira ni. Na shiga na same shi da sabuwar kwalba a hannun hagu, rubutunta ɓaro-ɓaro, idonsa a kanta, ya miƙo min tafin dama.

Na ce, "Malam, ai kana gani."

Ya ce, "Na sani. Rubuta min dai."

Haka muka yi har shekara bakwai, har ya koma ga Ubangijinsa.

In na tuna yanzu, ba na jin kunyar wankin nan. Na yi wauta, na yarda, amma wautar da ta buɗe ido ɗaya ta fi wayon da ya rufe biyu. Abin da nake gaya wa 'ya'yana shi ne, in za ka hana mutum abu, gaya masa dalili. In kuma ciwo gare ka, kada ka yanke wa mutane hukuncin abin da za su yi maka tun ba su ji ba. Mu mun zaci kwanon sadaka za su kawo.

Liman ya rasu, makaɗi ya rasu, amma kafin ya rasu sai da ya zo har bakin labule ya ce, "Uwargida, a yafe min na cikin gida," na ce zan duba. Injin ma an daɗe da sauke shi, an sa na zamani, wanda ke shaƙewa duk ranar da aka yi ruwa. Cikin waɗanda suka ga abin nan da idonsu, saura maƙwabcinmu ɗan Filato, ya yi ritaya ya koma garinsu, duk Salla sai ya bugo waya ya tambayi idona. Sai ni. Sai kwalabe tara a cikin kabad, a jere tsakanin tasoshina. Duk Juma'a ina goge su da busasshen tsumma. In safiya ta yi sanyi nakan ɗauki ɗaya in huce ta, rubutun yana nan yana fitowa, sai dai babu hannun da zan zana wa.